Tafiyar mota a hutun ƙarshen shekara: waɗanda guguwar dusar ƙanƙara ta taɓa ritsawa da su, ku ba mu labari

Baban Yara, Bronx:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna da niyyar zuwa Toronto da mota ni da iyali a wannan hutun, akwai sunan ɗan ƙanina. Hanyarmu ta Buffalo ce, ga shi hasashen yanayi na cewa guguwa na tafe ƙarshen mako. Mai ɗakina ta ce a fasa, ni kuma ina ganin idan muka yi sammako za mu wuce kafin ta sauko. Wanda ya taɓa gani da idonsa ya taimaka.

Ma'aikaciyar Jinya, Buffalo:
Wa alaikumus salam Malam. Don Allah ka bi maganar Hajiya. Ina bakin aiki ranar Juma'a 23 ga Disamba 2022, lokacin da waccan guguwar ta faɗo mana. Kwanaki kafin nan hukumar hasashen yanayi ta ƙasa ta yi ta gargaɗi, amma da yake da asuba ruwan sama ake yi, mutane da yawa suka fita aiki da cefanen biki. Cikin 'yan sa'o'i sanyi ya sauko, ruwan da ke kan titi ya daskare, iska ta haura mil 70 a awa. Daga tagar asibiti ba ma iya hango motocin da ke fakin a ƙasa. Mu da ke ciki ba mu samu komawa gida ba, masu karɓar mu ba su iya zuwa ba, motocin ɗaukar marasa lafiya da na kashe gobara ma sun maƙale. Sama da mutum 40 suka rasu a yankinmu, wasu a cikin motocinsu, wasu sun fito da ƙafa suka ɓata hanya kusa da gidajensu. Allah ya kyauta.

Dusarmu ta tafkin Erie ce. Iska mai sanyi na bi ta saman ruwan da bai daskare ba, ta kwaso danshi ta juye shi a siririn yanki guda. Kana iya baro Rochester da rana tas, kafin ka iso nan ko gaban motarka ba ka gani. Shi ya sa lissafin sammako ba ya aiki a wannan hanyar. A wancan karon har babban titin I-90 da gadar Peace ta shiga Kanada sai da aka rufe.

Direban Tirela, Ohio:
Gaskiya ta faɗa. Ni abin da ya fi ba ni tsoro ƙanƙarar da ke shimfiɗe kan kwalta ba a ganinta, musamman a kan gada, don ita ke riga sauran titi daskarewa. Na ga mota ƙirar jif ta juya sau biyu a gabana don kawai mai ita ya taka birki da ƙarfi. Kuma ku tuna watan Janairun 2022 a titin I-95 na Virginia: mutane sun kwana a mota, har Sanata Tim Kaine ya yi awa 27 a hanya. Ni ba na barin tanki ya sauka ƙasa da rabi, kuma kullum akwai bargo, ruwa, dabino, tocila, ƙaramin shebur da cajar waya a gidan gaba.

Maman Biyu, Montreal:
Yaya, mu nan Quebec doka ce a sa tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Wane irin taya ne a motarka? Na taɓa maƙalewa da yara a gefen hanya. Abin da ɗan sanda ya jaddada mini a waya shi ne kada mu fita daga motar, in tayar da inji kamar minti 10 duk awa, kuma kafin nan in share dusar da ke bakin salansa. Idan ta toshe, hayaƙin na komawa ciki, gubar da ke cikinsa ba ta da wari, barci kawai zai ɗauke ku. Na ɗan sauke gilas kaɗan, na ɗaura jan mayafina a ƙofa don a gan mu.

Baban Yara, Bronx:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Tayoyina na kowane lokaci ne. Na kira ƙanina, ya ce a yi suna ba tare da mu ba, mu zo bayan sabuwar shekara. Malam direba, a ina kake duba halin da titi ke ciki kafin ka tashi?

Direban Tirela, Ohio:
A New York ka kira 511, layin masu ba da bayanin hanyoyi, ko ka buɗe shafinsu, akwai kyamarorin hanya da jerin inda aka rufe. Ontario ma suna da nasu 511. Ka duba da daddare, ka sake dubawa da safe kafin a loda kaya.