Banki na rage ma'aikata a Jidda: ya ajiye aiki ko ya jira?

Mazaunin Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena kashiya ne a wani banki, shekararsa 7 a aikin, kuma ɗan ƙasar Saudiyya ne. An haɗe reshensu da wani, yanzu ana lallashin wasu su rubuta takardar ajiye aiki da kansu. Me ke cinye aikin nan, kuma mece ce shawara?

Tsohon ma'aikacin banki:
Wa alaikumus salam. Abin da ke kawo mutum gaban kanta ne ya koma waya. Kuɗin wuta da ruwa ana biya ta tsarin SADAD, tura kuɗi nan take ya koma tsarin Sarie tun 2021, asusu kuma daga ɗaki ake buɗewa a tantance mutum ta manhajar gwamnati ta Nafath. Ko katin cirar kuɗi na mada inji ke bugawa a reshe. Babban bankin ƙasa, SAMA, ya ce a 2023 kashi 70 cikin 100 na biyan kuɗin jama'a ba da tsaba aka yi ba. Ga D360 da STC Bank da ba su dogara da rassa ba. Sannan haɗewar bankunan SABB da Alawwal a 2019, da ta Al-Ahli da Samba a 2021: in rassa biyu suka zama na gida ɗaya a titi ɗaya, dole ɗaya ya rufe.

Mai bin shari'ar ƙwadago:
Malam, don Allah ka ce masa kada ya yi gaggawar sa hannu. Sashe na 84 na dokar ƙwadago ya ba shi kuɗin sallama: rabin albashin wata kan kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken wata kan kowace shekara bayan nan, da albashinsa na ƙarshe. Mu ɗauka riyal 8,000 ne. Biyar ɗin farko 20,000, biyun baya 16,000, jimla 36,000. In shi ya ajiye, sashe na 85 ya mayar da shi kashi biyu cikin uku tunda bai kai shekara 10 ba, wato 24,000.

Asarar ba ta tsaya nan ba. SANED, inshorar rashin aiki ta hukumar inshorar ma'aikata (GOSI), ba ta biyan wanda ya tafi don raɗin kansa. Wanda aka sallama, in ya cika sharuɗɗa, yana samun kashi 60 na albashi wata uku, sannan kashi 50, har zuwa wata 12. In kuma sallamar ba ta da hujja, sashe na 77 ya tanadi albashin kwana 15 kan kowace shekara ga kwantiragin da ba shi da wa'adi, sai fa in an rubuta wata diyyar a ciki. To, ya nemi tayinsu a rubuce, ya auna shi da wannan lissafin. Takardar mukhalasa kuwa, wadda ke cewa ya karɓi duk haƙƙinsa, sai kuɗi sun shiga asusu. Ƙara tana farawa da zaman sulhu a ofishin ƙwadago, kuma bayan wata 12 da rabuwa kotu ba ta saurara.

Hajiya daga Makka:
Ɗana, kafin a kai ga haka, ƙanenka ya nemi sauyi a cikin bankin. Kwamfuta na tsayar da hada-hadar da ta yi wa kama da zamba ko halatta kuɗin haram, amma da yawa ba laifi a ciki, sai mutum ya duba ya kira mai asusu. Kashiyan da ya saba gane sa hannun jabu da kwastoman da ake yaudara ta waya ya dace da wannan sashe. Ya nemi shaidar ƙwarewa kan yaƙi da halatta kuɗin haram (CAMS), ya gyara Turancinsa da Excel, ya miƙa takarda tun reshen bai rufe ba.