Yadda Mai Bi Zai Gane Bishewar Allah

A wata tattaunawa kan yadda mai bi zai gane bishewar Allah, mahalarta sun yarda cewa mafarin gane nufin Allah shi ne Littafi Mai Tsarki, domin Ruhu Mai Tsarki ba ya umartar mutum da abin da Kalmar ta hana. Wanda aka yi wa tayin aiki mai gwaɓin albashi bisa sharaɗin ya riƙa sauya alƙaluman lissafi ba ya bukatar mafarki, amsar tana rubuce.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun buɗaɗɗiyar ƙofa, wato damar da ta zo wa mutum cikin sauƙi. Wasu suna ɗaukar kowane sauƙi a matsayin yardar Allah, amma an tuna musu cewa Yunusa ya tarar da jirgin Tarshish yana jira a Yafa, alhali gudun umarni yake yi. Bulus kuwa an hana shi wa'azi a Asiya kafin a kira shi Makidoniya (Ayyukan Manzanni 16). A ganina, wannan gargaɗi ya fi kowanne nauyi.

An kuma ba da shawarar a roƙi hikima, kamar yadda Yaƙub 1:5 ya koyar, a nemi dattawa masu tsoron Allah waɗanda ba sa jin nauyin faɗa wa mutum gaskiya, sannan a guji yanke shawara cikin fushi ko gaggawa.