Motata na rawa a silo, na canza fulogi amma ba ta daina ba

Na Ƙofar Guga:
Salam 'yan uwa, don Allah masu sanin mota ku taimaka man. Tsohuwar mota ce ƙirar 2003, silinda huɗu, injekta ce ba kafireta ba. Sati uku kenan in na tashe ta da safe tana silo, wato tana kunne ban taka totur ba, sai ta riƙa kakkarwa, allurar juyawar inji ta hau 1000 ta faɗo 500 ta sake hawa kamar za ta mutu, jiya ma sai da ta mace man a shataletale 'yan Napep na ta danna man ham, amma da na taka totur na hau titi lafiya lau, Jibiya na je na dawo ko tari ba ta yi ba. Na canza fulogi duka huɗun, yanzu kuma bakanike ya ce nozul ne, mai fesa wa inji mai, in kawo kuɗi. Fitilar cek injin tun bara take kunne, ni har na saba da ita.

Direban Daura:
Wa alaikumus salam. Alhaji yaushe rabonka da duba filtar iska? Ƙurar hunturun nan ba ta bar kowa ba. A buɗe bakin totur, ƙofar da iska ke bi ta shiga inji, a wanke baƙin dattin da ya daskare ciki, ni duk shekara nake yi. Kuma in kana shan man 'yan bumburutu ka faɗa mana gaskiya, wani da ruwa yake zuwa.

Baban Ummi:
Kar ka sayi nozul tukuna. Kai da bakinka ka ce a guje lafiya take, a tsaye ne take rawa, tau wannan ya fi kama da iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. A silo bakin totur kusan a rufe yake, iskar da inji ke ja 'yar kaɗan ce, ɗan tsagu a tiyo ko gasket ɗin manifol, bututun da ke raba wa silinda iska, ya ishe shi ya ɓata lissafin mai da iska, in ka taka kuwa iska ta yi yawa tsagun ya ɓace a ciki. Roba mai shekara sama da 20 a zafin Katsina ai dole ta bushe, da safe kuma ta ƙanƙance, shi ya sa abin ya fi tsanani kafin inji ya ɗau zafi.

Fitilar nan da ka saba da ita magana take maka, kai ta a sa mata kwamfuta. In ta nuna P0171 iska ta fi mai yawa kenan, in P0301 zuwa P0304 ne silinda ɗaya ce ke fashi, lambar ƙarshe ita ce silindar. Ko a gida ma, tana kunne a riƙa zare soket ɗin kwayil, mai ba fulogi wuta, ɗaya bayan ɗaya, wanda aka zare sautin bai canza ba nan ciwon yake. Sannan ka kasa kunne ko za ka ji tsiii wajen tiyoyin. Lafiyayyar mota in ta yi zafi allura na zama wajen 700 ne ba motsi.

Ɗan Mashi:
Injin sit ne wallahi, robar da inji ke zaune a kai, tawa haka ta yi.

Baban Ummi:
A'a ƙanena, injin sit in ya mutu sitiyari da kujera za su yi ta girgiza amma allura ba ta motsawa. Allurar motarshi kuwa hawa da sauka take.

Na Ƙofar Guga:
Baban Ummi Allah ya saka da alheri, Allah ya raya Ummi. P0171 ta nuna, yaron garejin ya lanƙwasa babban tiyon da ke tsakanin filta da bakin totur sai ga tsagu ta ƙasa, ɗan yatsa na shiga. Mun sa na gwanjo, aka wanke bakin totur ɗin kamar yadda Direba ya ce, yau da asuba na tashe ta tsit. Man bumburutu kuwa sau ɗaya ne a hanyar Jibiya, kar a kai ni gaba. Saura esi, in na kunna allura na ɗan faɗowa kafin ta dawo, wannan ma matsala ce ko haka suke?