Neman shawara: mutanen Italiya ma taliya suke ci kullum, me ya sa ni nake ƙiba?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata uku ina aiki a wani kamfanin ƙarfe a Brescia, arewacin Italiya. Makon jiya likita ya ce jinina ya hau, sukari ma ya kusa wuce ƙa'ida, don haka in koma cin abinci irin na mutanen nan. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tsohon da muke maƙwabtaka ya haura tamanin, kullum sai ya ci taliya, kuma da kekensa yake zuwa kasuwa. Ni ma ita nake ci, amma tumbi sai gaba yake yi. Ina da yara huɗu a gida, hankalina a tashe yake.

Wani ɗan uwa daga Napoli:
Wa alaikumus salam. Malam, nawa kake dafawa? Su aunawa suke yi, kamar giram 80 ga mutum ɗaya, wato ledar giram 500 ta ishi mutum shida. Mu kuwa rabin leda a zama ɗaya, a malala mai, a kora da lemon kwalba. Sannan ba sa barin ta ta yi luguf, da ɗan taurinta suke saukewa, wadda ta dahu sosai ta fi saurin ɗaga sukari. Gwada wadda suke haɗawa da wake, pasta e fagioli, za ka ƙoshi da kaɗan.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Yaya, Allah ya ba ka lafiya. Abin da likitan yake nufi shi ne cimar yankin Bahar Rum, wadda UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin al'adun duniya a 2010. Ƙashin bayanta wake ne, da ganye, tumatir, kifi, 'ya'yan itace da man zaitun. Jan nama jefi-jefi. Ba'amurken nan Ancel Keys da ya yi binciken da ya fito da ita, har tarewa ya yi a ƙauyen Pioppi da ke kudancin Italiya, kuma ya kai shekara 100. Amma ga mai hawan jini gishiri ne babban abokin gaba: kada ya kai giram 5 a yini, har da na cikin magi, burodi da cuku. In an rubuta maka magani, kada ka ajiye shi don ka gyara abinci.

Wani dattijo daga Verona:
Ɗana, ka riƙa karanta jikin leda. In ka ga "strutto", kitsen alade ne, ana sa shi a wasu burodin, musamman piadina. Bayan cin abincin dare kuma ka fita ka taka kamar yadda suke yi da yamma, ko na rabin awa.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya na sayi ma'auni, na ga ashe giram 250 nake dafawa ni kaɗai. Yau wake na jiƙa.