Wane suna za mu ba OCD da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. An ba ni aikin fassara wata takardar wayar da kai da za a raba a unguwannin Agege da Idi-Araba na Legas, sai na cije a kan ciwon da likitoci ke kira OCD, domin duk sunan da na ɗauko sai in ga ya kama rabin ciwon ya saki rabi. Wasunku sun kawo shawarwari kan sunan, ga amsata.

Ciwon nan ƙafa biyu gare shi. Ta farko tunani ne da ke kutsowa zuciyar mutum ba da son ransa ba, ya kore shi ya dawo, kuma kullum da fargaba yake zuwa. Ta biyu ita ce aikin da mutum ke maimaitawa don ya kashe fargabar, kamar ɗan kasuwar da zai rufe shagonsa a Mile 12, ya hau mota har ta kai Ketu, sannan ya sauka ya koma ya sake jan kwaɗon da ya riga ya ja sau biyar. Hankalinsa yakan kwanta na ɗan lokaci, kuma wannan ɗan sauƙin shi ne tarkon, domin shi ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa komawar ce ta tsare shagon, gobe sai ta nemi ƙari. Likitoci suna ɗaukarsa ciwo idan yana cinye fiye da awa guda a yini ko yana hana mutum harkokinsa, kuma an ƙiyasta cewa kusan mutum 2 cikin 100 suna gamuwa da shi a rayuwarsu.

Hajiya, kin kawo "ciwon tsafta", amma ki gafarce ni, wanke hannu fuska ɗaya ce kawai daga fuskokinsa, kuma a gidan da ake cewa tsafta cikon addini ce, yabo sunan zai jawo wa mai ciwon maimakon a kai shi wurin likita. "Kokwanto" ya yi sauƙi da yawa. "Taɓin hankali" kuwa ba zan rubuta ba, domin asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba yana nan tun 1907, kuma kowa a Legas ya san abin da ake nufi idan aka ce an kai wane Yaba, alhali mai wannan ciwo galibi ya san tunaninsa ba shi da tushe, sanin ma shi ke ƙara masa azaba.

Kalmar da ta rage ita ce waswasi, kuma ba baƙuwa ba ce. Duk wanda ya karanta Ahalari a zaure zai tuna cewa an umarci mai waswasi a salla ya yi watsi da shakkarsa, kada ya kawo abin da yake shakka a kai, sai dai ya yi sujadar ba'adi. Likitocin Larabawa ma da wannan kalma suke kiran ciwon, suna haɗa ta da siffar tilastawa. Saboda haka na zaɓi "ciwon waswasin tilas".

Allah ya gafarta malam, na ji gyaranka cewa da an ce waswasi mutanenmu Shaiɗan za su tuna, su tsaya kan ruƙiyya su bar asibiti. Wannan tsoro yana da hujja, shi ya sa ba zan yarda a yanke "ciwon" daga gaban sunan ba, ko da takardar ta yi ƙaranci. Amma ka dubi ribar: mutumin da ke ƙarar da jarkar ruwa guda a alwala, a garin da ake sayen ruwa wurin 'yan garuwa, da ya ga kalmar zai gane da shi ake magana.

Kuma hukuncin nan na fiƙihu ya yi kama da maganin da ya fi aiki, wanda wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Victor Meyer ya bayyana a Landan a 1966, nake kuma so mu kira shi "tunkara da kamewa". Masanin halayyar ɗan Adam yakan jera wa mai ciwon abubuwan da yake tsoro daga ƙarami zuwa babba, ya sa shi tunkarar na farko, sannan ya kame daga maimaitawa. Ɗan kasuwarmu zai ja kwaɗo sau ɗaya ya tafi, fargaba ta taso masa har ya yi gumi, ya jure ta har ta sauka da kanta, washegari ya tarar da shago lafiya. Ana yin haka mako-mako, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyi irin su fluoxetine ko sertraline, waɗanda likita kaɗai ke rubutawa, kuma sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken amfaninsu. 'Yan gida ma suna da aiki, domin matar da ke amsa wa mijinta "e, ka rufe" sau goma a dare tana ciyar da ciwon ne ba da saninta ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan karanta wa dattawa biyu a Agege sunayen nan ba tare da wani bayani ba, in ji abin da suka fahimta, kafin in miƙa takardar.