Ƙurar katako ta addabe mu a gida, wane irin injin zuƙa ya dace da ƙaramin shago?

Kafintan Gareji:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sani ku taimaka min da shawara. Ni ma'aikaci ne a Kano, amma ranakun Asabar da Lahadi da kuma bayan la'asar ina aikin kafinta a garejin gidana, kantoci, teburan karatu, gadon yara da makamantansu. Garejin bai fi mita 4 da 6 ba, taga ɗaya ce sai ƙofar mota da wata ƙaramar ƙofa da ke shiga tsakar gida. Ina da injin zarto na tebur, da ƙaramin injin gyara fuskar katako, da injin samfefa na hannu. Katako a Na'ibawa nake saye, yawanci obeche da malaina, sai MDF (allon garin katako da aka matse da gam) idan kanta zan yi.

Matsalar ita ce ƙura wallahi. Uwargida ta yi shanya a tsakar gida ta dawo ta samu kayan sun yi fari, har kan murfin tukwane a kicin sai ka shafa ka ji gari a yatsa, kuma abin da ya fi tayar min da hankali 'yata mai shekara 5 ta fara tari da dare duk ranar da na yi aiki da yawa. Ni kaina in na fyace majina launin katakon da na yanka take fitowa. Yanzu fanka ce kawai nake juya wa ƙofa sai shara da tsintsiya in na tashi.

To ina da ɗan kuɗi da na tara. Wani ya ce in sayi injin shara mai zuƙa irin na masu wankin mota, wani kuma ya nuna min babba mai jaka biyu na gwanjo wanda aka kawo daga Amurka. Wanne ya kamata in ɗauka? Kuma ya ake haɗa bututun? Wutarmu kun san yadda take, janareta na 2.5kVA ne.

Baban Panteka:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin maganar saye, yau da daddare bayan ka gama aiki ka kashe fitilar garejin ka haska tocilan a iska. Abin da za ka ga yana yawo cikin hasken nan kamar hazon hunturu shi ne abokin gabarka. Ɓawon da ke zubowa ƙarƙashin inji wanda kake kwashewa da shebur, wannan ƙazanta ce kawai, ba ya shiga huhu. Mai laushin ita ce ke daɗewa tana yawo a sama, ita ce ta bi ƙaramar ƙofar nan ta je kan tukwane.

Injinan nan biyu da aka nuna maka aikinsu daban ne, mutane da yawa suna asarar kuɗi a nan. Na masu wankin mota yana da ƙarfin zuƙa sosai amma iska kaɗan yake ja, shi ya sa tiyonsa siriri ne, ya dace da injin samfefa da duk wani inji na hannu mai ƙaramin baki. Babban mai jaka kuwa zuƙarsa ba ta da zafi, in ka tara tafin hannu a bakinsa ba zai kama ka kamar ƙaramin ba, amma iska mai yawa yake kwasa, ita ce zarton tebur da injin gyara fuskar katako suke buƙata. In ka haɗa ƙaramin da injin gyara fuska, kafin ka gama katako biyu tiyon ya toshe. In kuma ka matse bakin babban ka sa masa siririn tiyo, ka shaƙe shi ke nan.

Lissafin ba wuya. Ana so iska ta yi gudun wajen mita 20 a daƙiƙa a cikin bututu don kada gari ya kwanta a ciki, a bututu mai inci 4 wannan ya kama kusan 350 CFM, shi ne ma'aunin yawan iskar da inji ke ja a minti da za ka gani a jikin injinan Amurka. Kuma bututu mai inci 2 ba rabin mai inci 4 ba ne, kwata ne, saboda girman ramin gaba ɗaya ake dubawa. Na sha ganin yara sun sayi inji mai kyau sun sa masa fayif ɗin ruwa siriri suna cewa inji bai da ƙarfi.

Na gwanjon nan na Amurka ka duba farantin da ke jikin motonsa kafin ka ba da ko sisi. Su wutarsu 120V ce da 60Hz, tamu 230V da 50Hz. Wani moton ana iya sauya haɗin wayarsa zuwa 240V, in ba haka ba sai da taransifoma. Ko ka warware wannan, moton da ke juyi 3450 a minti a can, a nan wajen 2850 zai yi, fankar ta rage gudu, iska ta ragu, zuƙar ma ta fi raguwa. Ni in da hali gara ka nemi wanda aka yi don wutar 50Hz tun asali, na Turai ko na China. Sannan janaretanka. Moto mai ƙarfin doki 1.5 yana cin wajen wat 1100 ko fiye yana cikin aiki, amma a lokacin tashi yana jan ninkin haka sau da yawa, to ka haɗa da zarto a kan 2.5kVA ka ga abin ba zai yi daɗi ba. Mai doki 1 ka nema, ka fara tayar da shi ya daidaita sannan ka kunna zarto.

Anti Nas:

Malam, ni ban san komai a harkar inji ba amma ina aikin jinya, kuma maganar yarinyar nan ce ta sa na tsaya. Don Allah a kai ta asibiti a saurari ƙirjinta, kada a tsaya sai an gama haɗa inji. Tarin dare a yaro yana daga cikin abubuwan da muke dubawa don asma, kuma ka gaya wa likita aikin da kake yi a gida da ranakun da tarin ke tashi. Obeche ɗin da ka ambata sananne ne wajen jawo asma da atishawa ga masu aikinsa, haka iroko, shi har ƙaiƙayin fata yake sawa. MDF kuma gam ɗin da aka haɗa shi da shi yana da sinadarin fomaldihaid, ga garinsa laushi kamar fulawa. Tun 1995 hukumar IARC mai binciken ciwon daji a ƙarƙashin WHO ta sa ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da ke jawo kansa, musamman ta cikin hanci, ga waɗanda suka daɗe suna shaƙa. Ba don in tsorata ka na faɗa ba, don dai ka san majinar nan mai launi ba ƙaramin abu ba ce.

Ƙaramar ƙofar nan da ke shiga gida a rufe ta yayin aiki, a toshe ƙasanta da tsumma mai danshi. Kayan aikinka ka cire su a gareji, kada ka shiga da su ɗaki ka ɗauki yarinya. Takunkumin yadi ko irin shuɗin nan na asibiti ba ya tare wannan ƙurar, N95 ko FFP2 ka nema, in ka samu na roba mai filta P3 ya fi. In kana da gemu ka sani ba zai kama fuska sosai ba, iska na bi ta gefe, don haka injin zuƙar ya ƙara zama dole a gare ka. Kuma a daina sharar tsintsiya a bushe, tayar da ita kawai kake yi, ka yayyafa ruwa ko ka zuƙe.

Mai Kanta Damagaram:

Sannunku. Baba ya gama magana kan inji, ni abin da zan ƙara jakar ce, don a nan na sha wahala. Na sayi mai jaka biyu ina murna, kullum in na kunna sai jakar sama ta kumbura bum ta fesar da wani farin hayaƙi, ashe jakar irin mai maikiron 30 ce (ma'aunin girman ƙwayar ƙurar da take tarewa ke nan), wato tana riƙe manyan ta tace ta watso min mafi laushin a fuska. Shagon ya yi tsaf a ido amma maƙogwarona ya fi da ciwo. Ana samun filta mai maikiron 1 ko ƙasa, irin mai naɗi kamar na iskar babbar mota, amma da tsada kuma sai an yi oda.

Abin da na yi a ƙarshe, kuma shi nake ba ka shawara tunda mu ba ƙasar sanyi muke ba balle mu ji tsoron fitar da ɗumin ɗaki: na cire jakunkunan gaba ɗaya, na sa durom a gaban injin yana raba gari, na huda bango na fitar da iskar waje. Durom ɗin ƙarfe ne, murfin na yi shi da filawud mai kauri, bututun shiga yana gefe da gwiwa don iskar ta riƙa zagaye jikin durom, na fita yana tsakiya. A ƙarƙashin murfin akwai wani faifan katako da aka yanke masa siririyar hanya a gefe, faɗinta inci ɗaya da ɗan wani abu, ta zagaye kashi biyu cikin uku na durom ɗin, garin yana zagayawa ya faɗa ta nan ba ya iya dawowa sama. Ana ce masa faifan Thien, sunan wanda ya ƙirƙiro shi, in ka bincika a YouTube za ka ga yadda ake yi, kai da kake kafinta yini ɗaya ya ishe ka. Abu ɗaya, murfin ya zauna daram, ka zagaye bakinsa da robar tsohon tub na mashin, don in iska tana shiga ta gefe ko kaɗan ne sai garin ya ƙi kwanciya ya wuce. Kuma kar ka bari durom ya wuce rabi da kaɗan. Amfaninsa na biyu, ƙusa ko guntun katako ba sa kaiwa ga fanka.

Bututu kuwa gareji mai mita 6 bai buƙatar ka zagaye shi da fayif kamar masana'anta. Tara injinan biyu kusa da juna, fayif ɗin PVC inci 4 gajere, tiyo mai lanƙwasa kada ya wuce mita ɗaya ko biyu don ƙurajen cikinsa suna cinye iska. Wajen kwana ka sa gwiwa 45 guda biyu maimakon 90 ɗaya. Kowane reshe ka yi masa 'yar ƙofa mai zamewa da filawud, ka buɗe na injin da kake aiki da shi kawai. Da hunturu fayif ɗin roba yana tara wuta ya ɗan ja ka in ka taɓa, ni waya na naɗa masa na kai ƙasa, ya ragu.

Baban Panteka:

Na Damagaram, shawararka tana da kyau amma ban yarda a huda bango haka kawai ba sai an duba me ke bayan bangon. Durom yana kama mafi yawa, amma wadda ta fi laushi tana wucewa, kuma ita muke gudu. Kai wataƙila fili ne a bayanka. Shi a cikin unguwa yake, in bayan garejin tagar maƙwabci ce ko tsakar gidansa, to ya ɗauke wa 'yarsa ya kai wa ɗan wani, akwai haƙƙi. Sannan duk iskar da ka fitar sai wata ta shigo ta maye gurbinta, don haka a bar taga ko ƙofar mota a buɗe, kuma janareta ya yi nesa da wajen, in ba haka ba hayaƙinsa za ka jawo ciki kuma wannan yana kisa. Haka nan kada ka taɓa wasa ƙarfe da giranda kusa da bakin zuƙar, tartsatsi ɗaya ya faɗa durom yana iya cin gari a hankali har tsakar dare ba wanda ya sani. Ka riƙa juye durom kafin ka kulle.

Kafintan Gareji:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba na yi gwajin tocilan jiya, kusan awa ɗaya bayan na kashe inji, wallahi sai da jikina ya yi sanyi, haske ya cika da ita tana ta yawo a hankali. Anti mun kai yarinyar yau da safe, likita ya ba da magani ya ce mu dawo bayan sati biyu, kuma na dakatar da aikin MDF har sai na gama haɗa komai. Ƙofar cikin gida na kulle ta na toshe ƙasan.

Na koma na duba na gwanjon, 120V 60Hz ne a jiki, na haƙura da shi. Bayan garejina lungu ne da mutane ke wucewa, gaba kaɗan akwai tagar maƙwabcina, don haka ba zan fitar a nan ba. Shawarar da na yanke: mai doki 1 na 50Hz da durom don manyan injina biyu, ƙaramin mai zuƙa kuma don samfefa daga baya in kuɗi sun samu. Tambayata ta ƙarshe, tunda ba zan huda bango ba kuma filta mai maikiron 1 sai an yi oda, me zan yi kafin ta iso?

Mai Kanta Damagaram:

Baba ya yi gaskiya, ni gona ce a bayana shi ya sa ban kawo wannan ba. Malam ka yi odar filtar tun yanzu, ka auna faɗin zoben injin da kyau kafin ka tura kuɗi don girmansu ba ɗaya ba ne. Kafin ta zo ka sa wa injin tayoyi, lokacin aiki ka turo shi bakin ƙofar mota jakar tana waje nesa da hanyar mutane, takunkumi na fuskarka, samfefa kuma ka rage ta iya yadda za ka iya. Garin durom ma kada ka haɗa, na obeche da malaina masu kaji da masu murhun gari suna so, amma na MDF ka ware shi a buhu daban ka ɗaure baki, kada a shimfiɗa wa kaji kuma kada a yi girki da shi. In ka yanka faifan ka turo hoto mu gani kafin ka ɗaure shi.