Me ya sa jirgin ruwa yake jiran jagora kafin ya shiga tasha?

Mai shagon kayan gini, Maradi:
Assalamu alaikum. Na yi odar tayil daga Sin, kuma wakilin da ke fitar mini da kaya ya ce jirgin ya iso amma yana tsaye a bakin teku yana jiran jagora. Ina neman masu sani su fahimtar da ni dalilin da zai sa kyaftin da ya ƙetare teku lafiya ya kasa shiga tasha da kansa.

Tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar wakilinka tana da tushe. A yawancin tashoshi doka ce babban jirgi ya ɗauki jagora, wato matuƙin da ya san mashigar tashar, da zurfinta, da lokacin da ruwa ke cika ko janyewa. Ƙaramin kwalekwale mai inji ne ke kai shi, ya kama tsanin igiya da aka sako a jikin jirgin ya hau yayin da jirgin ke tafiya, kuma idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi wannan hawan kaɗai yana iya dakatar da aiki. Jirgi ba shi da birki. Mai ɗauke da dubban kwantena yana cin tazara mai tsawo kafin ya tsaya, shi ya sa ƙananan jirage masu ja da turawa suke raka shi har inda zai jingina. Kyaftin yana nan da ikonsa, jagora shawara yake bayarwa, sai a mashigin Panama inda jagoran ke karɓar ragamar tuƙi.

Wata mashigar kuwa jirgi ɗaya take ɗauka a lokaci guda, saboda haka kuskuren ɗaya yakan tsare kowa. A watan Maris na 2021 jirgin Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gitta a mashigin Suwez ta Masar har kwana 6, jirage fiye da 300 suka yi cirko-cirko, alhali da jagorori a cikinsa. Hazon hunturu da muka saba da shi a nan ma yana kaiwa gaɓar Lome da Kwatano da Legas a watannin Disamba da Janairu, ya rage gani.

Dillalin shinkafa, Maradi:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai a ganina sau da yawa ba jagoran ne ya yi ƙaranci ba. Ba a tura shi sai an sami gurbin da jirgin zai jingina, don haka "jiran jagora" yakan zama jiran layi ne kawai. Alhaji, ka nemi sunan jirgin a takardar kayanka, ka duba shi a manhajojin bin sawun jirage a wayarka, za ka ga ko yana tsaye ko ya shiga. Ka kuma lura cewa kwanakin kyauta na kwantena, wato kwanakin da take yi a tasha ba tare da an caji kuɗin jinkiri ba, galibi daga ranar da aka sauke ta ake fara ƙirga su, don haka kada ka yarda a caje ka kuɗin jinkiri na kwanakin da jirgin ya yi a teku sai ka ga abin da yarjejeniyarku ta tanada.